Yaya ake lissafin ƙishin ruwa a gonar gero da wake?

Ɗalibin noma: Salamu alaikum. Gonata jigawa ce mai yashi, layi ɗaya gero, biyu wake. AquaCrop, manhajar kwamfuta mai lissafin ruwan da shuka ke buƙata, na nuna ruwa ya wadata, amma da azahar ganyen wake sai ya yi laushi. Malamai, ina matsalar take?

Masanin ban ruwa: Wa alaikumus salam. AquaCrop amfanin gona iri ɗaya kawai yake lissafawa a lokaci guda, ƙanena. Ka raba lissafin. A ce zurfin mita ɗaya na jigawarka na riƙe ruwa milimita 70 da shuka za ta iya sha. Saiwar gero ta kai mita guda, kuma sai ya shanye kashi 55 cikin ɗari kafin ya jigata, kusan milimita 38. Saiwar wake kuwa santimita 60 ce, milimita 42, kuma daga kashi 45 yake galabaita, wato milimita 19 kacal. Matsakaicin lissafi shi ke ɓoye wahalar waken.

Mai nazarin ƙasa: Haka ne, sai dai ba tulu biyu ba ne: santimita 60 na sama duka biyun suke sha. A lissafinka, ka yanka ƙasar hawa-hawa, santimita 20-20, ka raba ruwan kowane hawa gwargwadon saiwar da ke ciki. Manhajar APSIM, wata mai lissafin amfanin gona, na iya wannan. Inuwar gero ma tana rage wa wake buƙatar ruwa. In ka manta ta, ƙishinsa zai fito fiye da kima.

Malamin gona: Kuma laushin azahar kaɗai ba hujja ba ce. Ka duba da asuba. In ganyen bai farfaɗo ba, ƙasar ce ta bushe.