Fuwel sel: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, musamman masu fassarar labarai, ku zo mu tsayar da magana kan abin nan da Turawa ke kira fuwel sel, wato na'urar da ke samar da lantarki daga gas irin su haidurojin. Idan labarin kuɗin binciken makamashi ya zo, sai a haɗa shi da batir mai caji a ce duk "batura". Dokar gina ababen more rayuwa da Amurka ta yi a 2021 ta ware dala biliyan 8 don cibiyoyin haidurojin, ta kuma ware wasu biliyoyin daban don harkar batura. In suna ɗaya muka ba su, mai karatu ba zai san inda kuɗin ya nufa ba.

Batir mai caji ma'aji ne. Ka ɗura masa wuta, ya riƙe, ka ja har ya ƙare, ka sake ɗurawa. Irin na litiyom da Sony ta fara sayarwa a 1991, wanda ya jawo wa masana kimiyya Goodenough da Whittingham da Yoshino kyautar Nobel a 2019, sunansa ya riga ya zauna a bakin mutane. A bar shi.

Shi kuwa fuwel sel ba ya ajiye komai. Haidurojin ke shiga ta gefe guda, iskar oksijin ta ɗaya gefen, tsakaninsu akwai wata fata mai shara-shara. Fatar tana barin wani ɓangare na haidurojin ya ratsa, amma ɗaya ɓangaren, wato ilektoron, ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, dole su zaga ta waya, zagayen nan shi ne wutar. Abin da ke fita ruwa ne da zafi. Muddin ana ba shi gas yana ba da wuta, ranar da aka daina ya tsaya. Masanin kimiyya ɗan Birtaniya William Grove ya gwada shi tun 1839, kumbunan Apollo na Amurka da suka je duniyar wata sun dogara da shi don wuta da ruwan sha, motar Toyota Mirai ta 2014 ma da shi take tafiya.

"Batirin mai" bai yi ba, kowa zai ɗauka fetur ake zuba masa. "Tantanin mai" kuwa fassarar ƙamus ce, ba wanda zai gane ta. Janareta ya fi kusa, sai dai nan babu inji mai juyi, babu ƙonewa, babu hayaƙi.

Shawarata: matatsar lantarki. Tatso wutar ake yi daga gas, kuma ginin kalmar irin na masaƙa da majema ne. Jam'i matatsu. Wannan yana da amfani, domin ƙarfin wutar guda ɗaya bai kai bolt 1 ba, sai an jera ɗaruruwa kafin su ja mota, sai mu ce jerin matatsu.

Inda nake son malaman harshe su duba: a ce matatsar lantarki, ko matatsar haidurojin? Na fi son ta farko, tunda akwai masu aiki da sinadarin metanol ko iskar gas maimakon haidurojin zalla.