Waye ya tsara kiɗan nan da ake sa wa amarya?

Maman Hanan (Jidda):
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah kar ku min dariya. Ina aikin zuba gahawa a wajen biki nan Jidda, to shekaranjiya wasu baƙi suka yi biki, da amarya za ta fita sai aka saki wani kiɗan turawa mai farawa da busa kamar kakakin sarki, tatata taaa, wallahi tsikar jikina ta tashi na tsaya sororo da buta a hannu sai da shugabarmu ta zungure ni. Hanan ta ce wai wani Bajamushe ne ya tsara shi tun tale-tale. Waye shi?

Dan Fagge (Makka):
Wa alaikumus salam Hajiya, Wagner ne, kowa ya sani ai.

Malam Sabo (Madina):
A'a Dan Fagge ka haɗe su ne, guda biyu ne. Na Wagner a hankali yake tafiya, shi ake sawa lokacin shigowa. Wanda Hajiya ta kwatanta mai busa a farko na Felix Mendelssohn ne, ya rubuta shi 1842, amma sai 1858 ya yi tashe da aka kaɗa shi a bikin 'yar Sarauniyar Ingila Biktoriya, daga nan kowa ya ara ya yafa. An haifi Mendelssohn a Hamburg 1809, gidan masu kuɗi ne babansa ɗan banki, yana ɗan shekara 16 ya riga ya tsara kiɗan da manyan makaɗa ke sara masa. Ni abin da ya fi burge ni ma ba wannan ba ne, a 1829 yana ɗan 20 ya tono wani babban aikin Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus da ya mutu tun 1750, aikin kuma an daina kaɗa shi, ya tara mawaƙa da makaɗa a Berlin ya jagorance su, yaani yaro ne ya tuna wa manya gadonsu. 1835 aka ba shi jagorancin makaɗan zauren kiɗa na Gewandhaus a birnin Leipzig, 1843 ya buɗe makarantar kiɗa a garin tana nan har yau.

Dan Fagge (Makka):
To na ji Malam, amma jagorancin me? Mutumin da ke tsayawa yana kaɗa 'yar sanda kamar mai korar ƙuda, ko ganga bai taɓa ba

Malam Sabo (Madina):
Haba, ka tara masu goge da masu busa da yawa haka ba wanda ke riƙe musu lokaci ka ga ikon Allah. Shi ke nuna waye zai shigo, ina za a sassauta, kuma yawancin aikin a wajen atisaye yake ƙarewa. Kuma Wagner ɗin naka bayan Mendelssohn ya mutu ya rubuta maƙala 1850 yana zaginsa don jikan Bayahude ne, daga baya 'yan Nazi suka hana kaɗa kiɗan Mendelssohn har suka cire mutum-mutuminsa a Leipzig 1936.

Maman Hanan (Jidda):
Ikon Allah, na gode Malam. Ya yi tsawon rai kuwa?

Malam Sabo (Madina):
Ina fa Hajiya, 38 kacal. Yayarsa Fanny, ita ma gwana ce a tsara kiɗa, ta mutu watan Mayu 1847, bai ƙara wata shida ba ya bi ta.