Shin Puppet kaɗai ya isa ya tsare daidaiton saitin sabobi?

Matashin injiniya: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, gungun sabobin (kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima) da aka kafa domin kada aiki ya tsaya idan ɗaya ta mutu ba ya buƙatar wani tsarin sa ido na daban a kan saitinsa, matuƙar ana amfani da manhaja irin Puppet. Wakilinta da ke kan kowace saba yana tashi duk bayan minti 30, ya kwatanta abin da ya tarar da abin da aka rubuta a cibiya, ya mayar da duk abin da aka taɓa yadda yake. Hujjata ita ce kamfanin Knight Capital na Amurka: ma'aikaci ya kwafa sabuwar manhaja zuwa sabobi 7 cikin 8, ta takwas ta zauna da tsohon tsarin Power Peg, kuma ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45. Da na'ura ce ta raba aikin, da ba a tsallake ko ɗaya ba.

Injiniyar rumbun bayanai: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Puppet ba ta ganin komai sai abin da aka lissafa mata, kuma yawanci fayil take dubawa, ba abin da sabar ke aiki da shi a lokacin ba. Ɗauki PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai. Idan mutum ya sauya saiti da umarnin ALTER SYSTEM, sauyin yana shiga postgresql.auto.conf, wanda ke rinjayar babban fayil ɗin da Puppet ke gadi, kuma kwafin bayanan da ke gudana zuwa sabar ko-ta-kwana ba ya ɗaukar wannan sauyi. Akwai kuma saitunan da ba sa fara aiki sai an sake tayar da rumbun, irin su max_connections (iyakar adadin masu haɗuwa da rumbun a lokaci ɗaya), wanda dole ne na sabar ko-ta-kwana ya kai na babbar saba. Don haka fayiloli biyu suna iya zama iri ɗaya har zuwa waƙafi, alhali sabobin suna tafiya a kan lambobi daban, ba kuma za a gane ba sai daren da babbar ta faɗi. Ni abin da nake so a riƙa kwatantawa shi ne abin da pg_settings, jerin saitunan da rumbun ke aiki da su a lokacin, ke nunawa a kan kowace saba. Ban ma taɓo wakilin da aka dakatar domin gyaran gaggawa aka manta ba a kunna shi ba.

Matashin injiniya: Hajiya, wannan giɓi ne a rubutun dokokin, ba a manhajar ba. A ƙara mata abubuwan da za ta duba.

Injiniyar rumbun bayanai: Idan ka ƙara mata duba abin da ke gudana, ka kuma sa ta kai rahoto idan wakili ya daina magana, ai ka gina tsarin sa idon da kake cewa ba a buƙata.

Jami'in tsaron bayanai: Damuwata a kan gyaran ne da kansa. Saitin da ya sauya ba tare da izini ba alama ce, domin ko dai ma'aikaci ne ya yi gyara da hannu saboda wani dalili, ko kuma wanda bai kamata ba ya shigo. Manhajar da ta mayar da shi ta yi shiru ta share sawun ɓarawo, ko ta dawo da matsalar da mai aikin dare ya toshe. Rahoton yana nan a ajiye, na sani, amma wa ke karanta shi? A labarin Knight ɗin ma, hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari a Amurka ta gano cewa saƙonnin imel 97 masu ambaton Power Peg sun fita kafin a buɗe kasuwa, ba a kuwa tsara su a matsayin ƙararrawa ba, babu wanda ya ɗauki mataki a kansu.

Shugaban sashen sabobi: Bari in ƙarasa muku labarin, domin ƙarshensa ya fi kusa da batunmu. Da rikici ya ɓarke, ma'aikatan Knight sun cire sabuwar manhajar daga sabobi bakwai masu lafiya. Takwas ɗin suka zama iri ɗaya, kuma lamarin ya ƙara muni, saboda dukkansu suka koma kunna tsohon tsarin. Wato sabobi su yi kama da juna ba shi ne lafiya ba; tambayar ita ce, da me suka yi kama. Haka ya faru da Cloudflare, kamfanin kare shafukan intanet, ranar 2 ga Yuli 2019, lokacin da doka guda ta katangar tsaro ta isa dukkan sabobinsu a duniya lokaci ɗaya, ta cinye ƙarfin na'urorin na kusan rabin awa. Babu saɓani ko kaɗan tsakanin sabobin a ranar. Sannan akwai abubuwan da dole su bambanta: a Keepalived, manhajar da ke miƙa adireshi ɗaya tsakanin babbar saba da ta ko-ta-kwana, lambar virtual_router_id ɗaya ce ga sabobin biyu amma fifikonsu yakan bambanta, a rumbun bayanai na MySQL kuma kowace saba da tata lambar shaida, wato server_id. Wanda ya ce a daidaita komai bai taɓa ganin sabobi biyu suna jayayya a kan adireshi ɗaya ba.

Matashin injiniya: Yallabai, idan darasin Cloudflare shi ne a riƙa fitar da sauyi kashi-kashi, to da gangan za a bar sabobin cikin saɓani na wasu sa'o'i, kuma ƙararrawarku za ta yi ta kuka har mutane su daina kula ta. Mun koma ga imel 97 ke nan.

Shugaban sashen sabobi: Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi. Amsata ita ce kada a kwatanta saba da 'yar'uwarta, a kwatanta kowace da abin da aka amince mata a Git (ma'ajiyar da ke riƙe tarihin sauye-sauyen fayiloli) a wannan lokacin, tare da wa'adi. Idan an ce sauyi zai kammala cikin awa 4, saɓanin da ke cikin wa'adin ba laifi ba ne, wanda ya wuce shi kuwa sai an tashi mutum daga barci.

Injiniyar rumbun bayanai: Na yarda, amma ko wannan ba ya tabbatar da cewa sabar ko-ta-kwana za ta iya ɗaukar kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A riƙa miƙa mata aikin da gangan, da rana, kowa yana zaune a kujerarsa, domin a nan ne takardar shaidar tsaro da ta ƙare, ko ƙofar da katangar tsaro ta rufe a saba ɗaya, za su fito fili.

Matashin injiniya: Har yanzu ina kan cewa saitin agogo, izinin fayiloli da asusun ma'aikata a bar wa Puppet ta gyara da kanta. Ba zan tashi mutum ƙarfe 3 na dare a kan izinin fayil ba.

Jami'in tsaron bayanai: Agogo da izinin fayil na bar maka, Malam, da sharaɗin rahoton ya iso teburina da safe. Asusun ma'aikata kuwa a'a. Sabon asusun da ya bayyana a saba ɗaya ina so in gan shi yana nan, kafin wata manhaja ta goge shi.

Injiniyar rumbun bayanai: A kan sabobin rumbun bayanai kuma a bar ta a yanayin dubawa kawai, wato noop, ta faɗi abin da ta gani kada ta taɓa komai. Sake tayar da rumbu ba hukuncin da zan bar wa agogon minti 30 ba ne.