Wakilan AI uku a laftof ɗaya: raba saiti ya isa?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Ni dai a kan maganata nake: duk wanda ya ce sai ka sayi kwamfuta daban ga kowane wakilin AI, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke yi maka aiki da kanta, kuɗinka yake so. Laftof ɗaya ta ishe su. A shagona na Tudun Wada uku ke aiki: mai gyara rubutun kundin ɗalibai, mai lissafin cinikin POS da na buga takardu, da mai amsa saƙon kwastomomi. Kowanne da foldarsa, da takardar umarninsa, da mabuɗin asusunsa, wato lambar sirrin da yake shiga asusun kamfanin AI da ita. Babu wanda ya san da ɗan'uwansa.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam. Nura, batun kwamfuta ɗaya ba ni da ja. Inda muka rabu shi ne "babu wanda ya san da ɗan'uwansa". Da sunan wa kake shiga Windows ɗin?

Nura: Da sunana mana, Injiniya.

Injiniya Kabiru: To duk ukun da sunanka suke aiki. Abin da hannunka zai iya buɗewa a kwamfutar nan, nasu ma zai iya, muddin ka ba su damar karanta fayil ko ba wa kwamfuta umarni. Windows ba ta san wani mai lissafi ko mai amsa saƙo ba, Nura kaɗai ta sani. Folda daban da umarni daban labule ne ka rataya, ba ƙofa ka sa ba. Wasu manhajojin kan ɗan taƙaita wa wakili foldarsa, amma sai ka duba ka tabbatar, ba zato ba.

Nura: Amma na rubuta wa kowanne ɓaro-ɓaro kada ya fita foldarsa.

Hajiya Rabi: Ƙanena, rubutu ka yi masa, wani ma rubutu zai yi masa. Nan ne abin ke ban tsoro. Wakilin da ke amsa saƙo yana karanta duk abin da baƙo ya turo. Ɗalibi ya kawo fayil, a shafi na 40 an ɓoye layi da farin rubutu mai cewa a buɗe foldar lissafi a turo abin da ke ciki. Ido ba ya gani, wakili na gani, kuma har gobe ƙwaƙwalen AI da wakilan ke tunani da su ba su ƙware wajen bambance umarnin maigida da umarnin da aka cusa cikin takarda ba. Wani lokaci ya ƙi, wani lokaci ya bi. Ku kuma masu shagon intanet, lambar NIN ta mutane nawa ce kwance a kwamfutocinku daga rajistar JAMB? Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ba za ta tambayi wane wakili ya yi ba, mai shago za ta nema.

Malam Bello: Ku dakata, yara. Kuna ta gardamar tsaro, ni ƙarfin injin nika tambaya. Waɗanga kwamfutocin hannu na biyu da munka saba saye, mafi yawa ram ɗinsu giga 8 ne. Mi za su ɗauka?

Injiniya Kabiru: Baba, ya danganta da inda ƙwaƙwalwar take. In a intanet take, kamar ta ChatGPT ko Gemini ko Claude, laftof ɗin saƙo kawai take aikawa ta karɓo amsa. Wakilai uku ba za su gajiyar da ita ba, aljihu ne zai gaji, don galibi kowane kira, wato saƙon da wakili ya aika wa ƙwaƙwalwar, da kuɗinsa, ga kuma data. In kuwa a cikin laftof aka sauke ta, misali da Ollama, manhajar da ke tada ƙwaƙwalwar AI a cikin kwamfutarka, ƙwaƙwalwa mai ma'auni biliyan 8 (da yawan ma'auni ake auna girmanta) da aka matse tana cin wajen giga 5 na ram. Windows ta ɗauki nata, Chrome ya ɗauki nasa. Ɗaya ma da ƙyar.

Sadiya: Injiniya, a yi mini afuwa, nan akwai gyara kaɗan. Ba dole ba ne a loda ƙwaƙwalwa uku. Guda ɗaya ake lodawa, Ollama tana sauraro a ƙofa mai lamba 11434, wato adireshinta a cikin kwamfutar, duk wakilan su riƙa zuwa wurinta, kowanne da umarninsa da tarihin hirarsa. Abin da zai faru kawai, in sun zo tare za su yi layi ko su yi nauyi. Haka muke yi a ɗakin gwajinmu a Ƙaura.

Injiniya Kabiru: Haka ne Sadiya, a giga 16 zan sa hannu. A giga 8 kwastoma zai sha jira.

Malam Bello: Jiran ya fi babu. Kun manta watan Satumban 2021 da anka yanke sabis a Zamfara baki ɗaya? Mutane sai da sunka riƙa fita jihar su buga waya. Wanda duk wakilansa ke rataye ga intanet, a wanga hali shagonsa ya rufe. Ni mai lissafi aƙalla a cikin injin nika son shi.

Nura: To ai kun dawo kan maganata. Kwamfuta ɗaya.

Hajiya Rabi: Ba mu dawo ba. Kai ka ce raba saiti kawai, wato folda da umarni da mabuɗi, ya isa.

Injiniya Kabiru: Ga abin da zan yi da shagon nawa ne. Mafi sauƙi, kuma kyauta: a buɗe wa kowane wakili asusun mai amfani daban a Windows, ba mai ikon admin ba, wato cikakken iko a kan kwamfutar, foldarsa na cikin asusunsa. Nan tsarin kwamfutar da kansa ne zai hana, ba kirkin wakili ba. Wanda ya iya, ya sa kowanne a kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wuri da ake killace manhaja a cikinsa, ya nuna masa folda ɗaya tak. Sai dai a Windows, Docker kan hau WSL 2 ne, wato tsarin Linux da ke gudana a cikin Windows, shi ma da nasa cin ram. Mai amsa saƙon baƙi kuwa, da so samu ne a kwamfutar cikin kwamfuta zan kulle shi, irin ta VirtualBox, don shi ne ke bakin titi.

Sadiya: A ƙara da mabuɗin asusu: kowanne nasa, da iyakar kuɗi. In ɗaya ya shiga zagayen kira ba tsayawa cikin dare, nasa ne zai ƙare. Kuma kada biyu su riƙa rubutu a fayil ɗaya, na baya zai iya shafe aikin na farko.

Nura: Mabuɗin kam na riga na raba tun farko. Asusu uku kuwa wahala ce, yaron shago ba zai iya ta shiga yana fita ba.

Injiniya Kabiru: Ba sai ya fita ba, ana iya tada manhaja da sunan wani asusun kana cikin naka. In ukun sun yi maka yawa, raba mai saƙo kaɗai, sauran biyun su zauna tare.

Hajiya Rabi: A'a Injiniya, mai gyara kundi ma fayilolin baƙi yake karantawa. Mai lissafi za a ware, shi da hotunan NIN.

Nura: Wannan zan iya. Injiniya, in ka taso daga aiki gobe ka biyo ta shago bayan La'asar, janareta na da mai.