Fasaha Ce Ta Sauya Rayuwar Amurkawa Ko Siyasarsu?

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare, kuma a makon jiya gardama ta kaure tsakanina da wani abokin aikina mai koyar da kimiyya. Shi ra'ayinsa shi ne duk abin da Amurkawa suka samu na jin daɗin rayuwa tun daga wajajen 1930 zuwa yau, injiniyoyi da masu ƙirƙira ne suka kawo musu, su kuwa 'yan siyasar Washinton hayaniya kawai suke yi suna cin albarkacin aikin wasu. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da wannan magana ba, amma ban samu hujjar da za ta gamsar da shi ba. Don haka nake roƙon masana a wannan zaure, musamman waɗanda suka zauna a ƙasar, su taimaka da misalai tabbatattu: wanne ya fi taɓa rayuwar talakan Amurka, sabuwar na'ura ko shawarar da aka yanke a majalisa da fadar shugaban ƙasa?

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na shafe rayuwar aikina a harkar wutar lantarki, saboda haka daga nan zan ɗauko misalina. Thomas Edison ya buɗe tashar wutarsa a birnin New York a shekarar 1882. Bayan shekara hamsin da wannan, kusan gidaje tara cikin goma na biranen Amurka suna da wuta, amma a gonaki da ƙauyuka gida ɗaya ne kawai cikin goma yake da ita. Ilimin yana nan, wayoyi da injuna suna nan a kasuwa, abin da ya hana shi ne lissafin kamfanoni, domin sun ga cewa jan waya tsawon kilomitoci saboda gidaje uku ko huɗu ba zai mayar musu da kuɗinsu ba. Matar manomi a Amurka ta 1930 da guga take jan ruwa, da hannu take wanki, a kan murhu take ɗora dutsen guga ya yi zafi, 'ya'yanta kuma da fitilar kananzir suke karatu, alhali 'yar'uwarta da ke Chicago tana sauraron rediyo a ɗaki mai haske.

Abin da ya karya wannan shinge shi ne gwamnatin Franklin Roosevelt. A 1933 ta kafa hukumar raya kwarin kogin Tennessee, wadda ta gina madatsun ruwa a yankin da yake cikin mafi talauci a ƙasar, sannan a 1935 ta kafa hukumar kai wuta karkara. Dabarar da aka bi ita ce ta fi burge ni. Gwamnati ba ta ce za ta ja wa kowa waya da kanta ba. Ta ba da rance mai sauƙin ruwa ga manoman da suka haɗu suka kafa ƙungiyoyin gama-kai, su kuma suka kafa turaku, suka ja wayoyi, suka mallaki kamfanin da kansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma manoman sun gane haka. Lyndon Johnson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, tun yana matashin ɗan majalisar wakilai daga Texas, da wannan fafutuka ya yi suna a mazaɓarsa. Zuwa farkon shekarun 1950, kusan gonaki tara cikin goma sun samu wuta, aka sayi famfon jan ruwa, da firji, da injin tatsar madara.

Ba zan ɓoye ɓangaren da yake da ɗaci ba. Madatsar Norris kaɗai, wadda ita ce ta farko da hukumar Tennessee ta gina, ta tashi kusan iyalai 3,000 daga gonakinsu, har kaburbura dubbai aka tone aka sauya musu wuri. Amma ka gaya wa abokin aikinka cewa ƙwan lantarki ya yi shekara hamsin yana jiran sa hannun ɗan siyasa kafin ya shiga ɗakin manomi.

Baƙon Detroit ya amsa:

Ranka ya daɗe Injiniya, na yarda da kai, sai dai ina so in nuna wa Malam ɗaya fuskar, domin sa hannun ɗan siyasa yana ginawa kuma yana rushewa. Shekara goma sha huɗu ke nan ina zaune a Detroit, kuma abin da zan faɗa na fara jin sa ne daga bakin wani dattijo baƙar fata maƙwabcina, kafin in je in karanta. Wata rana na ɗauke shi a mota zuwa asibiti, muna kan babbar hanyar da ta ratsa gabashin tsakiyar gari, sai ya nuna mini kwalta da yatsa ya ce a daidai nan shagon askin kawunsa yake. Na duba, ban ga komai ba sai siminti da motoci suna gudu a cikin wani dogon kwari da aka haƙa. Ya yi shiru har muka isa.

Iyayensa daga Mississippi suka zo. A can noman kashi-mu-raba suke yi a gonar auduga ta wani farar fata. Abu biyu suka haɗu suka kore su: na farko, dokar noma ta 1933, wadda ta biya masu gonaki kuɗi don su rage yawan audugar da suke shukawa, su kuma da yawansu suka karɓi kuɗin suka sallami masu yi musu noma, na biyu, injin cire auduga, wanda a 1944 aka girbe amfanin wata gona da shi kusa da garin Clarksdale ba tare da hannun mutum ba. Tsakanin 1910 da 1970 baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka bar kudu zuwa biranen arewa da yamma, suna gudun wariya suna neman aikin masana'anta. Waɗanda suka sauka Detroit, saboda ba a yarda su yi haya ko su sayi gida a yawancin unguwanni ba, sai suka cunkushe a unguwannin da ake kira Black Bottom da Paradise Valley, suka gina shaguna da coci-coci da wuraren kiɗa a titin Hastings.

Sai ga dokar manyan hanyoyi ta 1956. Shugaba Eisenhower, tun yana ƙaramin hafsa a 1919, ya bi ayarin motocin soja da suka yi kwana 62 kafin su ratsa ƙasar daga Washinton zuwa San Francisco, daga baya kuma ya ga hanyoyin Jamus a yaƙin duniya na biyu. Dokar ta tanadi hanyoyi masu tsawon mil 41,000, gwamnatin tarayya na biyan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin. Babu mai musun amfaninsu. Ni kaina da su nake neman abinci. Amma da aka zo zana inda hanya za ta bi a cikin birane, unguwannin marasa galihu aka zaɓa, kuma titin Hastings yana ƙarƙashin kwaltar da muka bi ranar nan. Hanyar ta sauƙaƙa wa masu hali su koma sababbin unguwanni a bayan gari, inda gwamnati ke tsaya wa farar fata wajen samun rancen gida, alhali ta daɗe tana ɗaukar unguwannin baƙar fata a matsayin wuraren da ba a zuba kuɗi. Masana'antu ma suka bi su. Detroit da take da mutum kusan miliyan 1.85 a 1950 ta koma kimanin 639,000 a ƙidayar 2020, kuma a 2013 ta je kotu ta bayyana cewa ba za ta iya biyan bashin da ya kai dala biliyan 18 ba.

Haka aka sake yi a zamaninmu. Yarjejeniyar ciniki da Kanada da Meksiko ta fara aiki a 1994, Chaina ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001, a daidai lokacin da injuna masu sarrafa kansu ke karɓe aikin hannu. Ayyukan masana'antu a Amurka suka sauko daga kimanin miliyan 17 a shekarar 2000 zuwa ƙasa da miliyan 12 a 2010. Ruwa ba ya tsami banza: a 2016 Donald Trump ya ci jihar Michigan da ratar da ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba, jihar da jam'iyyarsa ta rabu da ci tun 1988. Na san mutanen da suka zaɓi Obama sau biyu sannan suka zaɓe shi, kuma maganarsu ɗaya ce, wato masana'antar da aka rufe.

Hajiya 'Yar Jarida ta amsa:

Malam, kada mu yi wa abokin aikinka rashin adalci, domin akwai inda na'ura ce ta tilasta wa 'yan siyasa yin abin da suka daɗe suna ƙin yi. A 1950 gidajen Amurka da suke da talabijin ba su kai ɗaya cikin goma ba, amma zuwa 1960 kusan tara cikin goma sun mallake ta. A ranar 7 ga Maris, 1965, masu tattakin neman wa baƙaƙen fata haƙƙin jefa ƙuri'a suka taso daga Selma a jihar Alabama, 'yan sanda suka tare su a gadar Edmund Pettus da kulake da hayaƙi mai sa hawaye, wasu a kan dawakai. Irin wannan duka ba sabon abu ba ne a kudu, an shekara da shekaru ana yin sa. Bambancin shi ne a daren nan tashar ABC ta katse fim ɗin da take nunawa ta sa hotunan, mutane miliyoyi suka gani a ɗakunansu. Gani ya kori ji. Bayan kwana takwas Shugaba Johnson ya tsaya gaban majalisa, kuma a ranar 6 ga Agusta ya sa hannu a dokar haƙƙin jefa ƙuri'a. Haka kuma a 2020, wata yarinya 'yar shekara 17 ce ta ɗauki bidiyon kisan George Floyd a Minneapolis da wayarta, kuma ina shakkar da za a hukunta ɗan sandan da ya kashe shi in ba don wannan bidiyo ba.

Duk da haka, idan na bi diddigi, sai in ga ni ma ina komawa ga maganar Injiniya. Intanet ta samo asali ne daga wani shiri da ma'aikatar tsaron Amurka ta biya kuɗinsa, wanda ya fara haɗa kwamfutoci a 1969. Tun daga 1949 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa gidajen rediyo da talabijin su ba da dama ga ra'ayoyi mabambanta a kan al'amuran jama'a; a 1987, zamanin Shugaba Reagan, aka soke ta, kuma shekara guda bayan haka Rush Limbaugh ya fara watsa shirinsa na rediyo mai ra'ayin ɓangare ɗaya a faɗin ƙasar. A 1996 aka buɗe tashoshin talabijin na Fox News da MSNBC, kuma a wannan shekara majalisa ta zartar da sashe na 230 na wata doka, wanda ya ce ba za a kama kamfanin intanet da laifin abin da masu amfani da shi suka wallafa ba. A kan wannan sashe Facebook da YouTube da Twitter suka ginu. Ƙasar da a da take zama gaban tashoshi uku tana jin labari iri ɗaya da yamma, yanzu maƙwabta biyu kowa da nasa labarin, har ba su yarda da juna a kan wanda ya ci zaɓe ba. Kutsen da magoya bayan Trump suka yi cikin majalisar dokoki ranar 6 ga Janairu, 2021 ya tayar mini da hankali matuƙa a matsayina na 'yar jarida, domin a waya aka yaɗa ƙaryar cewa an yi masa maguɗin zaɓe, a waya aka tara mutanen, kuma da waya suka ɗauki hoton kansu suna fasa ƙofofi.

Ɗan Zazzau ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Ɗan'uwa na Detroit, labarin dattijon nan ya taɓa ni, kuma zan karanta wa ɗalibaina shi. Injiniya, tambaya ɗaya ta rage mini: shin matsalar karkara da ka bayyana ta ƙare ke nan tun shekarun 1950?

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Ba ta ƙare ba, Malam, ta sauya riga ne kawai. Lokacin annobar korona a 2020, da aka rufe makarantu aka ce yara su yi karatu daga gida, sai aka ga iyaye a ƙauyuka da unguwannin talakawa suna kai 'ya'yansu bakin ɗakunan karatu da gidajen abinci, su zauna cikin mota don su kama intanet su yi aikin makaranta. Dalilin shi ne wanda na faɗa a baya: kamfanoni sun lissafa sun ga jan waya zuwa gidaje 'yan kaɗan ba riba. A watan Nuwamba na 2021 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar ayyukan raya ƙasa wadda ta ware dala biliyan 65 domin intanet mai sauri, kuma wasu 'yan jam'iyyar adawa sun mara mata baya saboda mazaɓunsu na karkara ne suka fi buƙata. An yi ta ƙorafi cewa fitar da kuɗin ya yi jinkiri, kuma ƙorafin yana da tushe. Abin da ya faranta mini rai shi ne a jihohi da dama, waɗanda suka fara jan wayoyin intanet zuwa gonaki tun kafin wannan doka su ne ƙungiyoyin gama-kan nan da manoma suka kafa a zamanin Roosevelt, suna ɗaura sabuwar wayar a kan layukan turakun da suke kai wa mambobinsu wuta.