Wa ya taɓa zuwa Granada? Ku faɗa mana abin da kuka gani

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Insha Allah wata mai zuwa zan leƙa Granada can kudancin Sifaniya, kwana biyu kacal gareni, don Allah waɗanda suka taɓa zuwa ku faɗa min ta ina zan fara.

Wani ɗalibi: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai ka yanki tikitin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke kan tudu, a intanet tun yanzu, kar ka ce sai ka isa. Ni haka na yi a zuwana na farko, na hau tudun nan da sassafe aka ce ya ƙare, na sauko raina a ɓace wallahi. Kuma fadar sarakunan Banu Nasr ɗin da ke cikinta, wato gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a garin, lokacin shiga a jikin tikitin yake, in ka makara shi ke nan, sannan ka riƙe fasfonka don suna dubawa.

Wata Hajiya: Gaskiyarka ɗana. Ni abin da ya tsaya min a rai rubutun bangon ne, duk inda ka juya "wa la galiba illallah" a sassaƙe, babu mai rinjaye sai Allah, sama da ƙasa, ɗaki bayan ɗaki. Kana karantawa kana tuna ranar 2 ga Janairu 1492 sarkin Banu Nasr na ƙarshe Abu Abdullahi ya miƙa garin ga Ferdinand da Isabella, sarakunan Kiristocin Sifaniya. A tsakar gidan nan mai zakuna 12 ɗauke da kwarmin ruwa na tsaya sai ga hawaye, 'yata tana ta cewa Mama mu matsa mutane na bayanmu, ni kam ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ga ruwa ko'ina yana gudu, daga kogin Darro suka janyo shi ta magudana har lambun Generalife, kar ka yi gaggawa a lambun nan, ka samu inuwa ka zauna.

Wani ɗan kasuwa: Bayan la'asar ka hau unguwar Albaicín zuwa dandalin San Nicolás, daga nan Alhambra na gabanka dutsen Sierra Nevada na bayanta. Cunkoso ya yi yawa a wurin, ni sai na shige lambun masallacin da ke gefe, wanda aka buɗe a 2003, kallon iri ɗaya ne kuma na samu magariba a jam'i. Sai dai ka sa takalmi mai taushi, hawan akwai cin ƙafa. In ka sauko layin Calderería Nueva akwai shayi da abincin halal.

Wani malami: Ƙarin bayani ɗan'uwa, kar ka wuce madarasar da Sarki Yusuf na ɗaya ya gina a 1349, mihrabinta na nan, tana daura da cocin da aka binne Ferdinand da Isabella, da yawa ba sa ma lura da ƙofar. Ina ciki na tuna Abu Ishaƙ as-Sahili ɗan garin nan ne, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi Mali har ya rasu a Tambutu.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, tikitin na yanka yanzun nan, ƙarfe 9 na safe. Hajiya awa nawa kuka yi a ciki?

Wata Hajiya: Huɗu, kuma ba su ishe ni ba. Ka tafi da gorar ruwa.