"Yaro da gari abokin tafiyar manya": a nan ta dace kuwa?

Ɗan Birni: Jama'a a warware mana wannan. Ƙanwata ta dawo daga kasuwar Dole ranta a ɓace, wai ɗan kabu-kabu ya ce mata "Hajiya ina za a kai ki", ita shekararta 26, ko Agadas ba ta taɓa zuwa ba balle Makka, wai an maida ta tsohuwa da ƙarfi da yaji. Tsohuwarmu ta yi dariya ta ce yaro da gari abokin tafiyar manya, ai kin fara ɗaukar albashi. Ni dai ban ga ta inda karin maganar ta shiga nan ba.

Mushe Karkada: Ta shiga mana. Zancen fatake ne, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano ya yada zango nan Damagaram kafin ya nufi Agadas, kowa da guzurinsa, garin gero ne a jaka in an sauka a dama a sha. Yaron da ya zo da nasa garin ba nauyin kowa ba ne, shi ya sa manya ke yarda ya bi su. To wadda ke cin guminta har ta taimaki gida ai ta shiga ayari, Inna ta faɗi daidai.

'Yar Zango: Haba mushe, ɗan kabu-kabu ina ya ga takardar albashinta? Leshi ya gani da jakar hannu. Hajiyar nan ta bakin titi kuɗi ce kawai, inda za a kai ka a dala talatin da an ce Hajiya ya koma dala sittin kuma kunya ta hana ka ciniki. Ni wannan ba ta damuna. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce ranar da 'yan matan lise, wato sakandare, manya da su wallahi har wata ta fi ni tsawo, suka rusuna suka ce "tanti ina wuninku", "ku" ɗin nan ta girmamawa fa irin wadda nake yi wa goggona, na kwana ina duba madubi 😭

Na Mirriya: Tanti sai haƙuri 😂 amma ku duba lissafi, kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Mai 26 ta girme yawancin 'yan ƙasa, to yaran nan me kike so su ce miki, su kira sunanki gatsal? Da sun yi haka ke ce ta farko da za ki ce ba su da tarbiyya.

'Yar Zango: Su ce yaya mana, yaya ta ƙare ne a garin?

Mai Shayin Fada: Ni inda na saɓa da mushe, ku sake karanta maganar da kyau. Ba a ce yaro da gari ya zama babba ba, abokin tafiya aka ce, yana nan a yaronsa. Manya sun ja shi jiki ne saboda abin da ke cikin jakarsa, ranar da gari ya ƙare zai san matsayinsa. Ni habaici nake jin ta ba yabo ba. A fadarmu duk wanda ya samu aiki, ko a matatar mai ta Soraz ko wani porje na ayyukan raya ƙasa, sati bai cika ba ya zama Alhaji ko babban yaya, daga nan sukari da ganyen shayi da gawayi duk sun hau kansa, mai matar da ta haihu shi, mai odonans, takardar sayen magani, shi. Karin maganar da ta dace da ƙanwarka ita ce babba juji ne, an ba ta girman ne don a samu wurin zuba shara.

Mushe Karkada: Habaicin ma yana ciki, ban musa ba, ya danganta da bakin da ta fito. Amma uwa ba ta yi wa 'yarta wannan habaicin, alfahari take.

Ɗan Birni: Na karanta mata duka. Ta ce Hajiyar ta yafe, amma duk wanda ya kuskura ya ce mata Inna kafin ta yi aure sai sun je gaban Sarki.

Na Mirriya: To a gaida Hajiya, a ce mata muna jiran na shayi.